Darasi Ga Dillalai: Ƙwaron Fure Da Kuɗin Sitiroberi

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, ku saurara. Sitiroberi kayan ido ne, ja da sheƙi su ne kuɗinsa. In kun buɗe kwando kuka tarar 'ya'yan sun dushe, sun yi ruwan tagulla, fata ta yi kaushi, to sau da yawa aikin wani ɗan ƙwaro ne da masana ke kira tirifs.

Ku san shi. Siriri ne, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba. Cikin fure yake ɓuya, yana huda fatar ɗanyen ɗa yana tsotse ruwan. Mafi ɓarna a cikinsu asalinsa yammacin Amurka ne. A 1983 aka gan shi cikin rumfunan gilashi na ƙasar Holan, daga nan ya bi kayan shuka ya watsu duniya. Rumfar gilashi ko ta leda tana da ɗumi, ruwan sama kuma ba ya dukansa, shi ya sa kamar mako 2 ya ishe shi daga ƙwai zuwa babba.

Me ya sa feshi ɗaya ba ya gamawa da shi? Uwar cikin naman shuka take saka ƙwai. 'Ya'yan kuma in sun ƙoshi sai su sauka ƙasa su kwanta kafin su yi fiffike. Magani ba ya kai wa waɗannan biyun, dole a maimaita bayan 'yan kwanaki. In kuwa aka nace wa magani ɗaya, ƙwaron ya saba da shi. Ko sifinosad da aka yaba, a wurare da dama ya daina kashe shi. Manomin kirki yana sauya irin magani, yana rataya shuɗin kati mai danƙo, yana feshi da yamma don kada ya kashe zuma.

To, ga abin da ya shafe ku. Tabon tun ɗan yana ƙarami ya kama, feshin ƙarshe ba ya goge shi. Manomin da ya makara shi ke ɗura magani dab da tsinka, alhali ɗanye ake cin kayan nan, ba a ɓare shi. Kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinka.

Saboda haka, ko gonar rumfa kuka je ko ta fili irin na tudun Jos, kafin ku yanke farashi ku yi abu uku. Ku kakkaɓe fure kan farar takarda, in yana nan za ku ga yana gudu. Ku tambayi ranar feshin ƙarshe. Ku ce a nuna muku kwalbar. Mai tabo a rage masa kuɗi. Wanda kwanakinsa ba su cika ba kuwa, ko da araha ku bar shi a gona.

Allah ya ba da kasuwa.