Ga Iyayenmu Mazauna Ingila: Tafiya Kaɗai Ba Ta Riƙe Ƙarfin Ƙafa

Wannan rubutu na iyayenmu ne da yayyenmu maza da suka fara manyanta, waɗanda zama ya kama a Ingila da makwabtanta. Aikina gashin ƙashi da koyar da marasa lafiya motsa jiki a wani asibiti a arewacin ƙasar, kuma yawancin waɗanda nake gani sun haura sittin. A cikinsu akwai mutanenmu, Hausawan Najeriya da na Nijar da 'yan zango daga Ghana. Wani direban tasi ne, wani mai gadi ne, wani malamin jami'a ne da ya yi ritaya. Duk da bambancin sana'a, kukansu kusan ɗaya ne: gwiwa ta ƙi, tashi daga sujada ya zama aiki, an koma salla a kan kujera. In na tambayi dalili sai a ce mini, "Ai tsufa ne, ɗana," ko kuma, "Sanyin ƙasar nan ne ya shiga ƙashi."

Tsufa gaskiya ne, ciwon gaɓoɓi ma gaskiya ne, kuma addini ya yi sauƙi ga wanda ba zai iya tsayuwa ba. Ba na zargin kowa da ke salla a zaune. Amma idan na duba Alhaji da kyau, sau da yawa abin da nake tararwa shi ne tsokar cinya da ta ƙugu sun zube, sun bar gwiwa da ɗaukar nauyin jiki ita kaɗai. Wannan kuwa abu ne da ake iya gyarawa, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne mutanenmu da yawa ba a taɓa gaya musu haka ba.

Tsokar ɗan Adam tana fara raguwa tun bayan shekara 30, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, sannan ragin ya ƙara gudu bayan shekara 60. Ƙarfi kuma ya fi girman tsokar saurin tafiya. Likitoci na kiran wannan yanayi sakofeniya idan ya yi tsanani. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya zuwa da zafi, shi ya sa ba a lura da shi. Sikeli ma yana ruɗar mutane, domin nauyin jiki yana iya tsayawa yadda yake shekara ashirin alhali tsoka na tafiya kitse na maye gurbinta. Sai ka ga dattijo da tumbi a gaba, amma in ya ɗage wando ƙafafunsa sirara ne.

Zaman ƙasar nan yana ƙara wa abin sauri. Tsoho a Zinder ko Katsina, ko bai san sunan motsa jiki ba, yana yin sa. Yana takawa masallaci sau biyar, yana zama a tabarma yana tashi, yana tsugunno wajen alwala da bayan gida, wani ma yana leƙa gona da damina. Kowane tashi daga ƙasa aiki ne ga cinya. A nan kuwa daga gado sai kujera, daga kujera sai mota, bayan gida ma na zama ne. Direban tasi yana iya shafe awa goma a zaune, mai gadi yana kwana gaban allon kyamara. Ga hunturu, wanda a watan Disamba rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, sai mutum ya yi wata uku ko huɗu bai taka ko'ina ba in ba dole ba. Babu ranar da zai ce yau ce ƙarfina ya tafi. Yana dai farga ne ranar da ya kai goshi ƙasa ya kasa ɗagowa sai da ya dafa bango.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. A gida, tsoho in ya kwanta akwai 'ya'ya da jikoki da matan gida da makwabta masu tayar da shi. A nan yaran suna wurin aiki, wasu a wani gari, uwargida ita ma shekarun sun kama ta. Namijin da ba zai iya tashi daga bayan gida da kansa ba, abin da ya rage masa shi ne ma'aikacin kula da za a turo masa, baƙo da bai taɓa gani ba, ko kuma gidan tsofaffi. Na sha ganin dattijon da ya riƙe gida shekara arba'in yana zubar da hawaye a kan wannan, ba a kan ciwon ba. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, a waɗanda suka haura 80 kuwa kusan rabi. Karayar ƙugu guda tana iya raba mutum da tafiya da ƙafarsa har ƙarshen rayuwa.

Ga gwajin da muke yi a asibiti, kuma za ka iya yin sa a ɗakinka. Ka jingina kujera marar taya da bango, ka zauna, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka tashi tsaye cak ka koma ka zauna har sau biyar, da iya saurinka, wani yana duba agogo yana kuma tsaye kusa da kai. In ya ɗauke ka fiye da daƙiƙa 15, ko ka kasa tashi ba tare da dafawa ba, ƙarfin ƙafarka ya yi ƙasa bisa ma'aunin da ƙwararrun Turai suka fitar a 2019. Muna kuma auna ƙarfin damƙar hannu, inda ƙasa da kilo 27 ga namiji alama ce ta rauni. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, wanda ya bi mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk ragin kilo 5 a ƙarfin damƙa yana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa a tsawon binciken. Rai a hannun Allah yake, amma wannan yana nuna mana cewa ƙarfin tsoka madubi ne na lafiyar jiki gaba ɗaya.

Wanda ya ce lokacinsa ya wuce, ina so ya ji wannan. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta sun ɗauki tsofaffi goma masu rauni a wani gidan tsofaffi a Boston ta Amurka, shekarunsu tsakanin 86 da 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Mutum tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, wato ya kusa ninkawa uku. Tun daga lokacin an maimaita irin wannan bincike a ƙasashe da dama, kuma sakamakon yana nuna abu guda: tsoka tana amsa kira ko a shekara casa'in. To, ina ga ɗan shekara 62?

Mafi yawan abin da iyayenmu ke ce mini shi ne, "Ai ina tattaki kullum." Madalla, kada a daina. Tattaki yana taimakon zuciya da hawan jini da suga, yana kuma wanke kai daga kaɗaicin ƙasar nan. Sai dai tafiya a shimfiɗaɗɗen titi ba ta tilasta wa tsoka ta ƙaru, domin nauyin da take ɗorawa cinya kaɗan ne, jiki ya riga ya saba da shi. Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta raba abin. Ta ce a yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, sannan a ware aƙalla kwana biyu a mako don aikin ƙarfafa tsoka. Ga waɗanda suka kai 65 ta ƙara da cewa a haɗa da horon daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako saboda gudun faɗuwa. Kashi na farko mutanenmu sun ji shi. Na biyu da na uku su ne aka bari a baya.

Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar jin wannan, ga shi kuma ciwon ya fi kama baƙar fata da wuri fiye da Turawa. Tsoka ita ce rumbun da jiki ke zuba yawancin sugan da ya shiga jini bayan cin abinci. In rumbun ya ƙanƙance, sugan sai ya rasa wurin zuwa, ya yi ta yawo a jini. Duk tsokar da ka gina taimako ce ga maganin da kake sha.

Na san kalmar ɗaga ƙarfe tana sa dattijo ya ja baya. Yana hango ɗakin motsa jiki cike da samari da 'yan mata, ga kiɗa, ga shigar da bai yarda da ita ba, sai ya ce wannan ba wurin mai furfura ba ne. Ina girmama wannan kunyar, kuma ba sai ka je can ba. Abin da nake fara koya wa marasa lafiyata duk a falo ake yin sa. Na farko shi ne tashi da zama daga kujera, sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake zagaye na biyu. A sauka a hankali, kada a faɗa kan kujerar, domin saukar ma aiki ce. Sai hawa matakalar bene ta farko da sauka, ana riƙe da ƙarfen gefe. Sai ɗaga dunduniya a tsaye ana dafe da teburin kicin. Don ƙirji da damtse, a dafa bango da tafin hannu a riƙa kusantarsa ana turawa baya. Don baya, a sayi robar motsa jiki, kuɗinta kaɗan ne, a ɗaura a abu mai ƙarfi a riƙa ja zuwa ciki. Sannan a ɗauki buhun shinkafa mai kilo 5 ko jarkar mai a yi tafiya da shi daga ƙofa zuwa taga. Daidaita tsayuwa kuwa, ka tsaya da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa yayin da kake jiran ruwan shayi ya tafasa. Duka ba su wuce minti 20 zuwa 30 ba.

Inda akasarin mutane ke tsayawa shi ne wajen ƙara wa aikin nauyi. In ka yi wata shida kana tashi daga kujera sau goma ba tare da wahala ba, tsokar ta daina ƙaruwa tun tuni. Dole tashi biyun ƙarshe na kowane zagaye su yi maka nauyi. Da zarar 12 sun zama wasa, ka rungumi buhun shinkafar ka tashi da shi, ko ka koma kujera mafi gajarta, daga nan ka fara koyon durƙusawa da gwiwa ɗaya a kan darduma kana dafe da kujera kana miƙewa. Wannan matakin shi ne hanyar komawa sujada ga wanda gwiwarsa za ta yarda. Ba kowa ne zai koma ba, akwai wanda gaɓarsa ta lalace sosai ko aka yi masa aiki. Amma na ga wani direba ɗan shekara sittin da 'yan kai da ya yi shekaru yana salla a kujera, bayan 'yan watanni na wannan aiki ya dawo sahu yana kai goshi ƙasa. Ranar da ya ba ni labari, ni kaina sai da idona ya cika.

Mai ciwon gwiwa kada ya ji tsoro. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta sanya motsa jiki a matsayin ginshiƙin maganin zaizayewar gaɓoɓi, ta kuma ce ciwon yana iya ɗan ƙaruwa da farko kafin ya lafa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi, wannan a tsaya a nemi shawara. Kada a riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi, domin yana harba hawan jini sama. A fitar da iska lokacin yunƙuri. Wanda ke da ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko suga ya taɓa masa ido, ya ga likitansa na GP kafin ya fara. Mai allurar insulin ya ajiye dabino kusa. In kuwa ana cikin yi aka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, a tsaya nan take. Ciwon ƙirjin da bai lafa ba a kira 999.

Abinci ma yana da nasa rabo. Farantinmu tuwo ne ko shinkafa tuli, nama yanka biyu a gefe, da safe kuma shayi da burodi. Ƙwararru sun ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kullum ga kowane kilo na nauyin wanda ya haura 65, wato mai kilo 75 yana buƙatar kusan giram 75 zuwa 90. A raba shi a abinci uku: ƙwai ko ƙosai ko alale da safe, wake, kifi, kaza, nono, gyaɗa. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara sai da izinin likita. Sannan ranar ƙasar nan ba ta wadatar da fata wajen samar da bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, kuma NHS ta shawarci masu baƙar fata su yi tunanin shan maikrogiram 10 a kullum duk shekara. Da azumi kuma ba sai an ajiye aikin gaba ɗaya ba, a rage shi a mai da shi bayan buɗa baki.

Da yawa cikin iyayenmu suna da niyyar Hajji ko Umra bayan ritaya. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar Mina da jifa, a cikin zafi da cunkoso. Kuɗin kujerar Hajji ana tara shi shekara da shekaru, ya kamata a tara ƙarfin ƙafa tare da shi.

Ina roƙon shugabannin masallatai da ƙungiyoyinmu na Landan da Manchester da Birmingham su ware awa guda a mako, ko bayan sallar Azahar ta Asabar ce, dattawa su haɗu a zauren masallaci da kujeru da robobi, a nemo mai ilimin abin ya tsaya a kansu. Namiji ya fi jurewa in yana ganin sa'o'insa suna yi. Ku kuma 'ya'ya, in kun je gaishe da Baba wannan makon, ku jingina kujera da bango ku duba masa agogo. In ya wuce daƙiƙa 15, ku raka shi wurin GP ku nemi a tura shi sashen gashin ƙashi. A unguwanni da yawa na Ingila mutum yana iya neman ganinmu da kansa ba sai da takardar likita ba, kuma a ƙarƙashin NHS ba a biyan ko sisi.