Darasin Wannan Wata: Fai ɗin Dabino Domin Kirsimeti

An gama kai gero da dawa rumbu, hankalin kowace uwa kuma ya koma kan abin da za ta ajiye gaban yara da baƙi ranar 25 ga Disamba. A yawancin gidajenmu amsar ba ta canzawa: shinkafa da miya, kaza ko ɗan akuya, da cincin cike da bokiti. Mai ɗan hali kuwa sai ya aika birni a sayo kek da lemun kwalba. Nan ne damuwarmu take. A ziyarce-ziyarcenmu mun ga gidajen da suka fitar da buhun gero a Disamba, lokacin da hatsi ya fi araha, saboda bikin kwana biyu, sa'an nan suka koma sayen gero da tsada a tsakiyar damina. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fulawa da sukari da bota suka yi tashin gwauron zabi, abin ya ƙara nauyi.

Shi ya sa muka zaɓi mu koyi abin marmari guda wanda za a iya yi a gida, ba tare da injin gashi ba, kuma yawancin kayansa namu ne. Mun gwada shi sau da dama a nan wurin aikinmu da ke Sama Road cikin Sakkwato, da tukunya da yashi da gawayi kawai, kafin mu kawo muku.

Daga ina ya fito?

Kun san mit fai, wanda ake sayarwa a tasha da kantuna, mai nama da dankali a ciki. A Ingila akwai ɗan'uwansa da ake yi musamman lokacin Kirsimeti, suna ce masa mins fai. Sunan yana nufin yankakken nama, amma wanda ya ci shi yau ba zai sami nama a ciki ba, sai busassun 'ya'yan itace da sukari da kitse da kayan ƙamshi. A dā kuwa da nama ake yinsa. Wani marubuci mai suna Gervase Markham ya rubuta yadda ake haɗa shi a 1615: cinyar rago, kitsen rago, kanumfari, zabibi, ɓawon lemu, har da dabino. Sannu a hankali sukari ya yi araha a ƙasarsu, naman ya yi ta raguwa, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 yawancin gidaje sun bar shi, kitsen kaɗai ya rage.

Dalilin haɗa nama da zaƙi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Mutanen nan ba su da firiji, kamar yadda yawancinmu ba mu da shi. Sun gane cewa sukari da kitse da kayan ƙamshi suna sa abinci ya jima bai lalace ba. Tunanin da ya haifi kilishi da dambun nama ke nan, sai dai mu rana muke da ita, su kuwa sanyi. Kuma in an duba, dabino da kanumfari da citta da suke sayowa daga nesa da tsada, mu a kan tire muke ganinsu kowace ranar kasuwa. Dabinon da ke shigo mana ta Illela daga Nijar, da wanda ake nomawa wajen Dutse a Jigawa, ya ishe mu.

Haɗin ciki

Ma'auninmu gwangwanin madarar ruwa ne, ƙaramin nan da kowa ya sani. Ku nemi dabino wanda in an cire ƙwallo an yayyanka zai cika gwangwani 3. In akwai kuɗin zabibi, a sa gwangwani 1 a rage dabinon zuwa 2. In babu, kada kowa ya damu. Turawa suna goga tuffa a ciki domin laushi. Tuffa tana da tsada a wurinmu, amma karas yana yin aikin, ga shi kuma lokacinsa ne a fadama: gwangwani 1, gogagge. Sai soyayyiyar gyaɗa da aka ɗan farfasa, rabin gwangwani. Mazarƙwaila dakakkiya, rabin gwangwani. Man shanu ko kitsen da ke jikin ƙodar sa yankakke ƙanana, rabin gwangwani. Lemun zaƙi 1, a goge saman ɓawonsa kawai ban da farin, a matse ruwan; lemun tsami 2. Kayan ƙamshi: garin citta rabin ƙaramin cokali, kirfa rabin ƙaramin cokali, kanumfari ƙwaya 4 a daka, gishiri ɗan kaɗan. Kada a cika kanumfari. Yana da ƙarfi, yakan danne kome.

Abu biyu muke roƙo kada a yi musu gaggawa. Na farko, a buɗe kowane dabino a duba cikinsa, domin busasshen dabino yakan ɓoye tsutsa da ƙwaro. Na biyu, a tsince gyaɗar. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, a zubar, kada ma a ba kaji. Irin wannan gyaɗar tana iya ɗauke da dafin da ke lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. Yara ne za su fi cin abin nan.

A wanke dabinon, a jiƙa shi da ruwan ɗumi kamar awa ɗaya har ya yi laushi, a tsane, a yayyanka. A zuba kome cikin tukunya tare da ruwan jiƙon kamar rabin gwangwani, a dafa a ƙaramar wuta minti 15 zuwa 20 ana juyawa, har ya haɗe jikinsa ya yi kauri, ya daina ruwa. A sauke ya huce sarai. In aka zuba shi da zafi a kan kwaɓin, man da ke cikin kwaɓin zai narke, fai ɗin ya yi tauri.

Littattafan Turawa sukan ce a zuba barasa a ajiye haɗin wata guda ko fiye. Mu ba ma sawa, don haka namu ba ya kai haka. A yi shi kwana biyu ko uku kafin gashi, a zuba cikin kwalba mai murfi wadda aka tafasa ta bushe, a ajiye a inuwa kusa da randa, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Kwanan da ya yi yana ƙara masa daɗi. In ya yi kumfa ko ya soma warin tsami, a zubar. Abin da za a iya saye tun da wuri shi ne busassun kayan, kafin 'yan kasuwa su ji ƙamshin biki. Wanda yake son ɗanɗana irin na dā, sai ya barbaɗa busasshen dambun nama cokali biyu ko uku a cikin haɗin, amma ranar gashi, ba kafin nan ba.

Kwaɓi

Fulawa gwangwani 4, a tankaɗe. Bota gwangwani 1 da rubu'i. Gishiri kaɗan. Ba a sa yis, ba a sa sukari, zaƙin ciki ya isa. A murza botar cikin fulawa da kan yatsu har ta zama kamar tsaki, sa'an nan a yayyafa ruwan randa mai sanyi, babban cokali 5 ko 6, a tattara. Nan ne masu hannun cincin da fanke sukan yi kuskure, domin sun saba murza kwaɓi sosai. Wannan ba ya son wahala. Da ya haɗu a bar shi, a rufe da ƙyalle mai ɗan laima, ya huta rabin awa.

Da sassafe za a yi wannan aiki. Sanyin hunturu da muke kuka da shi, shi ne abokinmu a nan, domin yana hana botar narkewa a hannu. A zafin Afirilu na Sakkwato, da ya wuce 40 a ma'auni, da wuya kwaɓin nan ya yi kyau.

A murza shi da kwalba a kan faranti mai tsabta da aka barbaɗa wa fulawa, kada ya kai kaurin na cincin. A yanka da bakin kofi, a sa haɗin cokali ɗaya a tsakiya, a shafa ruwa a gefe, a ninke kamar mit fai, a danne bakin da cokali mai yatsu. A huda saman sau biyu domin tururi ya fita. In akwai ƙwai, a kaɗa ɗaya a shafa musu. Wannan awon yakan ba da guda 18 zuwa 20, in kuma haɗin ya ragu, yara za su shafa a burodi.

Gashi da tukunyar yashi

A sami babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, a zuba yashin gulbi wankakke busasshe, zurfin yatsa biyu a kwance. A rufe, a ɗora a wuta kamar minti 15. A jera duwatsu uku ko gwangwanaye uku a kan yashin, a ɗora farantin ƙarfe da aka shafa wa mai, ba na roba ba, ba mai fenti ba. Domin gwada zafi, a barbaɗa ɗan garin fulawa a farantin a rufe. In ya yi ja cikin minti biyu, ya yi daidai. In ya ƙone nan take, a rage wuta a jira. A jera fai ɗin da ɗan tazara, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin saman ma ya gasu. Minti 20 zuwa 25 ya isa. Kada a yi ta buɗewa, kuma in za a buɗe a kawar da tokar tukuna.

Yashin yana riƙe zafi, saboda haka zubi na biyu da na uku ba sa cin gawayi kamar na farko. Wannan ne ya sa muke ba Zumuntar Mata shawara su yi gashin tare, gida huɗu ko biyar a wuta ɗaya, a sayi fulawa da mudu a raba. Itace ya yi wuya a ƙasarmu, ba sai mun gaya muku ba. A yi wutar nesa da danga da rumbu, gama iskar hunturu ba ta da amana, a kuma kawar da ƙananan yara. Yashin yakan daɗe da zafi bayan wuta ta mutu, ido kuma ba ya ganewa.

Kwanon maƙwabta

A garuruwanmu, ranar Sallah kwano yana shigowa gidajenmu, ranar Kirsimeti kuma namu yana fita. Wannan al'ada ta fi kowane kek daraja, musamman a wuri irin namu. Littafin Nehemiya sura 8 ma ya nuna mutane suna aika rabo ga waɗanda ba su shirya kome ba a ranar murna. Fai ɗin dabino ya dace da wannan kwano, domin babu abin da zai sa maƙwabcinmu Musulmi ya yi shakka: babu barasa, man shanu ne ko bota, dabino kuwa abincinsa ne da yake girmamawa. In an sa kitse ko dambu, a saya wurin mahaucin da kowa ke saye, a kuma gaya wa yaron da aka aika abin da ke ciki, domin in an tambaye shi ya amsa. A tuna da gwauraye da tsofaffin da ba su da mai dafa musu.

Ga matan da za su so su sayar, ku rubuta kuɗin kowane abu, har gawayi da ƙwai da kuɗin mota zuwa kasuwa, ku raba da yawan fai ɗin da ya fito, sa'an nan ku sa riba. Mata da yawa sukan manta da gawayi da wahalarsu, su ga kuɗi a hannu su ɗauka riba ce. Kada ku gasa da yawa a kan fata. Ku karɓi oda da rabin kuɗi tukuna. Gasasshen fai yana kwana uku ko huɗu cikin rufaffen kwano in an bar shi ya huce kafin a rufe. Mai dambun nama kuwa a cinye shi ranar da aka gasa ko washegari.