Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Ƙaramar Tarakta da Kayan da Za Ta Iya Ɗauka

A wannan fitowa, filinmu na Kimiyya da Noma zai duba ƙaramar tarakta, wadda manoma suka fi kira tantan, da yadda ake zaɓa mata kayan aikin da suka dace da ƙarfinta.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Tarauni da tarakta, mu da muke tsakiyar gari? Ai kuwa da ruwanmu. Titin Zariya da ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi shi ne ke kai mutum Kura da Kadawa, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974. Da yawa daga cikin iyayenmu suna da gonaki a can ko a ƙauyukansu. Gonakin kuwa yawanci ƙanana ne, shi ya sa ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 45 take yi wa manomi daidai, ko ya saya ko ya yi haya. Matsalar ita ce sau da yawa ana ɗaura mata garma ko haro ko rija na babbar tarakta irin Massey Ferguson 375, mai ƙarfin doki 75. Ƙarshenta inji ya lalace ana tsakiyar damina, lokacin da jinkirin mako guda kan iya jawo asarar shuka.

Da farko, mene ne haidirolik? Duk wanda ya taɓa ganin tifa tana juye yashi, ko bakanike yana ɗaga mota da jek, ya ga aikinsa. Famfo ne ke tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa silinda, man kuma ya tura fistin. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana dokar a ƙarni na 17: idan aka matsa ruwa ko mai a rufaffen wuri, matsin yana isa kowane ɓangare daidai wa daida. Harry Ferguson, mutumin arewacin Ireland, shi ya ƙirƙiro hannuwa ukun nan na bayan tarakta da ke ɗaga garma su sauke ta da ƙarfin mai. A 1946 aka fara ƙera ƙaramar taraktarsa TE20 a Ingila, kuma sunansa ne ke jikin Massey Ferguson har yau.

Kafin a ɗaura wa tarakta kowane kaya, lambobi uku ya kamata a duba a littafin da ya zo da ita, a gwada su da na kayan.

Lamba ta farko ita ce ƙarfin inji. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746. Sai dai ba duk ƙarfin da aka rubuta ne ke isa ga garma ba, domin giya da tayoyi da famfon mai kowanne yana cin rabonsa. Ƙasa ma tana da tata magana. Garmar da tarakta za ta ja cikin sauƙi a jigawa, tana iya gagarar ta a laka ta fadama. Idan muka ga baƙin hayaƙi yana tashi, inji yana nishi, tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya, to kaya ya yi yawa.

Lamba ta biyu ita ce nauyin da hannuwan baya za su iya ɗagawa. A nan darasin liba da muka yi a Fiziks yake shigowa. Bokitin ruwan da muke ɗauka a kusa da jikinmu, idan muka miƙe hannu da shi sai ya gagare mu. Haka tarakta take. A ce za ta iya ɗaga kilo 700 a bakin hannuwanta, to doguwar haro da nauyinta ya ja baya ba za ta ɗagu ba ko da ba ta kai kilo 700 ba. Saboda haka kamfanoni sukan ba da lamba ta biyu, wato nauyin da za ta ɗaga a nisan santimita 61 daga bakin hannuwan. Idan kuma kayan baya ya rinjayi gaba, tayoyin gaba za su yi sama, sitiyari ya daina jin magana. Ƙa'idar da ake bi ita ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na nauyin tarakta ya zauna a kan tayoyin gaba. Wannan ne amfanin ƙarafan da muke gani a rataye a gabanta.

Lamba ta uku ita ce ta man haidirolik, kuma kashi biyu ce. Akwai matsi, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira bar, shi ke nuna yawan nauyin da za a iya turawa. Akwai kuma gudun mai, wato lita nawa famfo ke turawa a minti ɗaya, shi ke nuna saurin aikin. Ga lissafin: a ninka matsi da gudun mai, a raba da 600, a samu kilowat. Misali, famfon da ke tura lita 24 a minti a kan matsin bar 150 yana ba da kilowat 6, wato kusan ƙarfin doki 8. A tarakta mai doki 30, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfinta ke nan ya tafi. Idan aka haɗa mata injin da ke buƙatar lita 40 a minti, zai juya ne da kashi 60 cikin ɗari na saurin da aka yi shi dominsa.

To idan nauyi ya wuce iyaka fa? Akwai bawul da ke buɗewa ya mai da man cikin tanki don kada tiyo ya fashe. Ƙarar nan mai kama da kuwwa da ake ji lokacin da hannuwa suka kasa ɗagawa, tasa ce. Idan direba ya ci gaba da tilastawa, man zai yi zafi ya tsinke, robobin silinda su lalace, famfo ya mutu. Wasu sukan ɗaure bawul ɗin don a samu ƙarin ƙarfi. Wannan ganganci ne, domin abin da ke kare famfon da tiyon aka kashe.

Akwai kuma gargaɗi biyu da suka shafi rai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma ko tirelar da aka ɗaga sai an tokare ta da ƙarfe ko katako mai ƙwari. Kada kuma a lalubi inda tiyo ke yoyo da hannu, domin man da ke fita da matsi yana iya huda fata ya shiga jiki. Da kwali ake nema, kuma duk wanda man ya huda a garzaya da shi asibiti nan take.

Muna roƙon duk wanda gidansu ke shirin hayar tantan ko sayen garma a bana ya kai wa iyayensa waɗannan lambobi uku.

Tambayar wannan mako: famfo yana tura lita 30 a minti a kan matsin bar 180. Kilowat nawa ke nan, kuma kusan ƙarfin doki nawa? A rubuta amsa da suna da aji, a saka a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.