Dabarar Butstraf da Ra'in (2,0): Lissafi Ba Tare da Lagiranjiyan Ba

Gabatarwa

Bisa al'ada, masana fiziks kan fara nazarin ra'in filin kwantam ne da rubuta Lagiranjiyan, wato ƙa'idar da ke fayyace motsin ƙwayoyin zarra da cuɗanyarsu, sannan su yi lissafi mataki-mataki. Wannan hanya kan cije idan cuɗanyar ta yi ƙarfi, kuma akwai ra'o'in da ba a san Lagiranjiyan ɗinsu ba sam. Wannan maƙala ta duba yadda dabarar butstraf ke cike wannan giɓi.

Ginshiƙan Dabarar

Ferrara da Grillo da Gatto (1973) da Polyakov (1974) ne suka assasa dabarar, sannan Rattazzi da Rychkov da Tonni da Vichi suka farfaɗo da ita da kwamfuta a 2008. Sharuɗɗanta uku ne. Na farko, ra'in ba ya sauyawa idan an faɗaɗa sarari ko an tsuke shi, muddin kusurwoyi suna nan yadda suke. Na biyu, yiwuwar aukuwar abu ba ta sauka ƙasa da sifili. Na uku, alaƙar ɗigo huɗu ta ba da amsa ɗaya ko ta yaya aka haɗa su bibbiyu. Duk adadin da ya saɓa wa waɗannan sai a fitar da shi, a riƙe abin da ya saura.

Rawar Sufasimetiri

Sufasimetiri daidaito ne da ke haɗa kowane boson da famiyon. Yana ɗaure wasu adadai yadda ƙarfin cuɗanya ba zai taɓa su ba, don haka abubuwan da ake nema sai su ragu. A 1978 Nahm ya nuna cewa haɗuwar sufasimetiri da sharaɗi na farko ba ta yiwuwa a sarari mai fuskoki fiye da 6. A wannan iyaka ra'in (2,0) yake, kuma yana cikin marasa sanannen Lagiranjiyan. A 2015 Beem da Lemos da Rastelli da van Rees sun auna adadin c, wanda ke nuna yawan abin da ra'i ya ƙunsa. Sun sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa mafi ƙarancinsa a ra'i mai cuɗanya shi ne 25, daidai da na samfurin A1.

Kammalawa

Wannan sakamako shaida ce ta lissafin kwamfuta, bai kai tabbatacciyar hujja ba. Duk da haka, ya nuna cewa daidaito kaɗai na iya tantance ra'in da tsohuwar hanya ta kasa ko da rubuta shi.