Bargon Ƙyallaye: Me Ke Sa Shi Tattarewa Bayan Wankin Farko?

Duk wanda ya ratsa layin teloli a Kasuwar Bacci ko Kawo bayan sallah zai ga ƙyallayen atamfa da shadda jibge a ƙarƙashin kekuna, yawancinsu bola za su. Mata da dama kan roƙo su, su haɗa wa yara bargo kafin sanyin Disamba ya kankama. Dabara ce mai kyau, ba mu kaɗai ke yinta ba: a Senegal 'yan Baye Fall da irin wannan haɗe-haɗe suke ɗinka tufafinsu. Sai dai kukan da na fi ji ɗaya ne. An gama ɗinki tsaf, ana wankewa sai bargo ya tattare, nan ya ja, can ya saki, fari ya rine, ɗinki ya soma ɓarkewa.

Akan ɗora wa keke laifi, alhali tun kafin a zura zare a allura aka yi ɓarnar. Atamfar auduga tana tsukewa a wankin farko, yadin roba kuwa ko gezau. Sabuwar shadda ƙyalli da sitati ne ke riƙe da ita, da ta sha ruwa sai ta yi laushi. Idan kika haɗa waɗannan ukun a layi ɗaya, kowanne halinsa zai nuna a cikin baho. Don haka, 'yar'uwa, fara da tsincewa: atamfa da atamfa, shadda da shadda. Leshi da duk yadi mai santsi ko mai talewa, ajiye su gefe. Sannan ki wanke ƙyallayen tukuna, masu duhu daban, musamman ja da shuɗi. Wanda ya ci gaba da zuba bayan ɗauraya biyu, haƙura da shi komai kyansa. In sun bushe ki goge su.

Wurin yanka ake gane mai haƙuri. Kada ki yi da ido. Yanki kwali mai inci 6 kowane gefe, ki riƙa ɗora shi kina zanawa da alli, kina bin tsayin zaren yadin, domin wanda aka yanka a karkace miƙewa yake yi. Bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe, kowane ƙyalle zai koma inci 5 ke nan. Guda 96, wato layi 12 mai ɗauke da 8 kowanne, za su ba ki bargon yaro mai faɗin inci 40 da tsayin 60. Masu wannan sana'a a Amurka kwatan inci suke bari, amma su ba a hannu suke cuɗa wanki ba. Ni na fi amincewa da rabin.

Haɗa layi-layi, ki goge bakin ɗinkin layin farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, don mahaɗa ta kwanta. Tsohon zani mai yadi biyu ya isa shafi. A tsakiya kuma kada ki zuba audugar katifa, dunƙulewa take yi. Siririn bargon gwanjo ya fi, a Kasuwar Baccin ma za ki samu. Kafe ukun da dogon ɗinkin hannu, sannan ki bi su da keke daga tsakiya zuwa baki, ki kalmashe gefen da dogon ƙyalle ɗaya.

Wani hanzari: ragowar yadi mai ɗan girma haƙƙin wanda ya kawo ɗinki ne. Ki tambayi telan ko an bar masa kafin ki ɗauka.