Maiki, Shaho da Dinya: Nazarin Sunayen Wasu Tsuntsaye a Ƙasar 'Yandoto

1.0 Gabatarwa

Ƙasar da muke nufi a nan ita ce wadda ta kewaye tsohon birnin malamai na 'Yandoto, wato Tsafe da Gusau da Bunguɗu, a Jihar Zamfara. Ƙasa ce mai duwatsu da fadamu, ga kuma Gulbin Sakkwato ya ratsa ta. Saboda haka tsuntsayen dutse da na ruwa duk sun sami mazauni a cikinta. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa Bahaushe bai raɗa wa waɗannan tsuntsaye suna da ka ba, sai da ya lura da siffa da halin kowane. A yau kuwa sunayen sun soma cakuɗewa a bakin 'yan makaranta, har ta kai duk tsuntsun da ya yi shawagi sai a ce shaho ne.

2.0 Tsuntsaye Masu Farauta

Abin da ya haɗa su shi ne lanƙwasasshen baki da kaifin gani. Amma kowane da alamarsa.

Shirwa ita ce aka fi sani. Launinta ƙasa-ƙasa ne, wutsiyarta kuwa a rabe take, tana karkata ta dama da hagu in tana jewa. Ba ta nisa da mutane: ga ta a kasuwa, ga ta a mahauta, in kuma an sa wa daji wuta ta bi hayaƙi tana cafke fara. Ita ce ɓarauniyar 'yan tsaki, shi ya sa ake cewa kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa.

Shaho ya fi ta zafin nama. Ba ya bin juji, kuma abin da ya kashe da kansa yake ci. Yakan tsuke fikafikai ya faɗo kamar kibiya, ya buge kurciya ko tattabara tana cikin tashi. Sai dai wannan suna ya tattara tsuntsaye fiye da iri ɗaya, waɗansu masu tsinin fiffike, waɗansu masu faɗinsa.

Gaggafa, ko gaggahwa a karin harshen yamma, ba ta ɓata wa mai kallo. Jikinta baƙi ne, fuska da ƙafafu jajaye, wutsiya kuwa gajera ƙwarai, har ƙafafun kan zarce ta. Tana tafiya a sama tana rangaji, da ƙyar take kaɗa fiffike.

Ungulu ba ta cika kisa ba, mushe take ci. Fuskarta ba gashi, bakinta siriri ne, faratanta kuma ba su da ƙarfin ɗaukar nama su tashi da shi. Daga halinta aka sami karin maganar nan, ungulu ba ki jewar banza.

3.0 Matsalar Maiki

A nan ne rikicin ya fi yawa. Kalmar da Kano ke cewa mikiya, mutanen Zamfara maiki suke cewa. Masu fassara sun ɗauki wannan suna sun ba tsuntsun nan ja da ke bisa tambarin Nijeriya, wanda mafarauci ne mai surar ɗanyen nama. To, amma maikin da aka sani a dutsen Kwatarkwashi, tsakanin Gusau da Tsafe, ɗan'uwan ungulu ne. Masana tsuntsaye suna kiransa da sunan wani Bajamushe mai bincike, Eduard Rüppell.

Ga alamominsa. Ya ninka ungulu girma, faɗin fikafikansa ya kai wajen mita biyu da rabi. Wuyansa dogo ne, ba shi da gashi sai ɗan laushi-laushi, don ya ji daɗin cusa kai cikin mushe. Gashin jikinsa kuwa baƙi-baƙi ne mai farin baki, sai ka ce ɓawon kifi. Ba ya sheƙa a bishiya kamar ungulu, sai a goshin dutse, jama'a guda, kuma ƙwai ɗaya tak mace take yi. Wajen nisan tashi ba a san na biyunsa ba: a shekarar 1973 wani jirgin sama ya yi karo da irinsa a sararin Abidjan, a nisan mita 11,300 daga ƙasa. Ashe da Bahaushe ya danganta mikiya da hangen nesa, bai yi kuskure ba.

Matsayin wannan tsuntsu a al'adar ƙasar ya fito fili a tsohon bukin nan na kamun maiki, inda majiya ƙarfi kan hau dutsen Kwatarkwashi su kamo shi. Duk wanda ya nazarci wannan buki yana zaton tsuntsun tambari ake kamowa, to, ya saki hanya tun daga farko.

4.0 Dinya

Dinya ba ta cikin wannan rukuni, domin ciyawa da tsaba take ci, kuma bakinta mai faɗi ne. Duk da haka masunta da masu kiwo a fadama suna shakkarta. Ita ce mafi girma a tsuntsayen ruwa dangin agwagwa a Afirka. Baƙa ce, cikinta fari, fuska da baki ja. Makaminta wani tsinin ƙashi ne a gwiwar kowane fiffike. In aka kusanci ƙwanta ko 'ya'yanta, takan miƙe wuya ta buɗe fikafikai ta yi duka da shi. Maganinta shi ne mutum ya ja da baya sannu a hankali yana fuskantarta. Wannan faɗa tsaron gida ne kawai, ba farauta ba, don haka Bahaushe bai taɓa sa ta layi ɗaya da shaho ba. Ya kamata kuma ɗalibi ya kula da rubutu: dinya tsuntsuwa ce, ɗinya kuwa itaciya ce. Lanƙwasa ɗaya ta raba su.

5.0 Kammalawa

A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sa ungulu da maiki cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Manyan dalilai su ne gubar da ake sa wa mushe, da cinikin sassan jikinsu don haɗa magunguna da tsibbu. Wannan ya shafi mai nazarin Hausa kai tsaye, domin in tsuntsu ya ɓace, sunansa kan zama fanko, karin maganarsa kuma ta rasa mai gane ta. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan wannan ƙasa, su zauna da tsofaffin maharba da masunta, su rubuta kowane suna tare da siffar mai shi da kirarinsa, tun masu sanin suna raye. Allah ya sa mu dace.