FILIN MANOMA: Ajiye Irin Dankali Daga Kaka Zuwa Damina

Ko wace shekara idan ruwa ya sauka, manoman dankali na ƙasar Tambuwal da Kebbe su kan shiga wahala guda, watau neman iri. Shi dankali, wanda mutanenmu na Sakkwato ke kira kudaku, yaɗonsa a ke dasawa. Ga shi kuwa raninmu ya kan kai wata bakwai. Kafin damina ta zo rana ta ƙone yaɗon, abin da ya saura awaki sun cinye. Mai fadama kusa da gulbin Zamfara ya kan raya ɗan kaɗan da ban ruwa. Sauran jama'a kuwa, daga Dogon Daji har Kuchi, sai su saya da tsada, ko su jira gyauro ya fito a tsohuwar gona. Mai jiran gyauro ba shi yin dashe sai damina ta yi nisa, ruwa ya ɗauke dankalinsa bai ƙosa ba.

To, akwai magani, ba kuwa mai cin kuɗi ba ne. A Ingila masu lambu suna da wata fure mai saiwa kamar dankali, sunanta daliya, asalinta daga Meziko. Sanyi ya kan kashe ganyenta, saboda haka su kan haƙe saiwar su adana a busasshen wuri har ɗari ya wuce, sa'an nan su tsirar da ita. Abin da sanyi ke yi musu, shi rani ke yi mana. Masanan Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya, wadda ke Lima a ƙasar Peru, sun gwada ajiye dankali cikin rairayi a Tanzaniya da Uganda, daga baya a arewacin Gana, suka ga ya yi. Ga yadda a ke yi.

ZAƁEN IRI. Tun kafin haƙa, zaga gonarka ka lura da gindin da ke da lafiya. Wanda ganyensa ya nannaɗe ko ya tsumbure, cuta gare shi, kada ka ɗauki iri a jikinsa. Ranar haƙa ka yi a hankali, kada fartanya ta sare shi. Zaɓi matsakaici, mai kaurin ƙotar fartanya. Ƙanana ƙwarai su kan bushe kafin lokaci, manya kuma sun fi amfani a tukunya. Duk wanda ka ga huda a jikinsa, ƙwaro na ciki, ware shi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

AJIYA. Nemi daro ko tsohuwar tukunya mai faɗin baki, ka shimfiɗa takarda a ciki. Ko wannan jaridar ta isa, in ka gama karantawa. Ɗebo rairayi mai tsabta, ka shanya shi ya bushe sarai, kāna ka bar shi a inuwa ya huce, gama rairayi mai zafi dafa iri ya ke yi, mai laima kuwa ruɓar da shi. Zuba rairayi a ƙasa, jera dankali kada wani ya taɓa wani, rufe da rairayi, sake jera wani. Na sama ya kai kaurin inci 4, domin ƙwari da ɓeraye. Ajiye shi cikin ɗaki mai sanyi, nesa da murhu, inda kaji da yara ba su kai ba.

Ko wane wata ka tone ka duba. Wanda ya ruɓe, yar da shi. Zafin bazara ya kan sa ya yi toho da wuri. In lokaci da saura, karye tohon da hannu, wani zai fito. Amma in ya rage wata guda a fitar da shi, bar masa abinsa.

TSIRARWA. Idan ya rage mako 6 zuwa 8 ruwa ya zauna, watau wajen ƙarshen Afrilu a ƙasarmu, gyara fangali kusa da rijiya ko bayan gida, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka kewaye shi da shinge saboda dabbobi. Binne dankalin zurfin inci 2, tsakanin wannan da wancan ƙafa 2. Ka riƙa ban ruwa sau biyu a mako, in zafi ya tsananta ka ƙara. Rufa ƙasar da ɗan kara ko ciyawa domin laima ta daɗe.

Sai ka lura da abu guda. Turawa su kan rarraba saiwar daliya da wuƙa, ko wane yanki da idonsa. Kai kada ka yi wa dankali haka. Yanka ƙofar ruɓa ce a wannan zafi namu. Binne shi ɗungum, rabon yana zuwa a yaɗo.

YANKAN YAƊO. Da ruwa ya zauna ka tada kunya, sai ka yanko yaɗo tsawon ƙafa guda, mai gaɓa uku ko fiye. Kada ka yanka dab da ƙasa, bar kamar inci 6, gama nan ƙwaro ya kan yi ƙwai, kuma daga nan sabon toho zai fito. Bayan 'yan makonni ka sake yanka, har sau uku. Masanan da muka ambata sun lissafa dankali 40 ya kan ba da yaɗo wajen 1,500. Wannan ya ishe ka farawa, har ka sam ma maƙwabci.

Dubi ribar. Ka yi dashe da wuri, dankalinka ya nuna lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kasuwa kuma ba ta cika ba. Ka kuwa san asalin irinka, ba ka sayo cutar gonar wani ba.

Jama'a, mai kwarmin ido da wuri ya kan fara kuka. Bana ranar haƙa, kafin ka ɗaure buhu, ware guda 40 ka ba rairayi ajiya. Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.